Wanzamin Titin High Point da Sunan da Ya Bar Mana

Daga wurin Allah muka fito, wurinSa kuma za a tattara mu, mai aska da wanda ake yi wa askin. Surukina ya riga mu. Uban matar ɗana nake nufi, dogon wanzamin nan na titin High Point, wanda da wuya ka sami Bahaushe a garin nan na Greensboro, a Amurka, da bai taɓa sunkuyar masa da kai ba. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana fama da shi ba. Ya cika a asibiti da hantsi, washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Ni ban yi nisa a boko ba. Aji huɗu na yi a Ringim, na lura malamin ya fi ƙwarewa a bulala a kan alli, sai na bi motar gyaɗa. To amma na duba masu digirin garin nan, na ga kowa cewa yake aiki ya sha masa kai, shi ne na ce bari jahilin gida ya ɗauki biro. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya bugo mini waya, ina cikin makoki.

A gidan ɗana aka yi zaman. Falon maza ya cika har kan matakala. Alhajin Damagaram, mai kantin kayan miya da ke daura da shagon marigayin, ya zauna kusa da ni yana share hawaye da bakin rawani.

Ya ce, "Bon, Malam, yanzu wa zai riƙa taɓa mini kai?"

Na ce, "Wane kan, Alhaji? Kai da rabonka da gashi tun Faransa na mulkinku?"

Ya ce, "Ai ba gashin nake kai masa ba. Hira nake zuwa sha."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba kullum ake samun Badamagare da ita ba.

'Yan uwanmu Musulmi baƙaƙen Amurka su ma sun zo, ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda ba su iya ta'aziyya da baki kawai ba sai sun rungume ka ƙashin bayanka ya yi ƙara. A ɓangaren mata kuwa aka ga abin da har yau ake maganarsa. Wata tsohuwar Baturiya, fara sol, da sandarta da farantin kek, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya gaya mata, ta ƙi kujera, ta zube a kan darduma a tsakiyar Hajiyoyi. Matata ta yafa mata mayafi. Da aka tambaye ta mece ce ita a wurin mamacin, sai ta ce, "Sunanmu ɗaya." Ba ta ƙara cewa komai ba sai kuka. Mata suka shiga raɗe-raɗi, wata 'yar Maraɗi har tana rantsuwa ta ga kama a hanci.

Babu wata kama a hanci. Bari in warware muku, don sunan nan shi ne rabin tarihin mutumin, shi ne kuma abin da ya taɓa shiga tsakanina da shi.

Baƙar fatar Amurka ne, haifaffen jihar nan, ya musulunta tun yana saurayi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya tal Allah ya ba su, ita ce ɗana ya gani ya ce in ba ita ba a bar shi haka. Ni da matata Hajiya muka zo ɗaurin auren a farkon shekarun dubu biyu, ni da niyyar in ɗaure fuska in koma. Fuskar ba ta ɗauru ba, komawar ma ba ta yiwu ba, don likita ya gano mini hawan jini, ɗana ya ɓoye fasfo.

Ranar da aka haɗa mu na miƙa masa hannu cikin mutunci irin na surukai. Ko kallon hannun bai yi ba. Ya cire mini hula a gaban jama'a, ya juya kaina hagu da dama kamar mai taya kabewa, ya yi magana. Na tambayi ɗana me ya ce. Ɗana ya sunkuyar da kai.

"Baba, cewa ya yi wanda ya yi maka askin nan ba ya tsoron Allah."

Washegari ina kan kujerarsa.

Turancina na tashar mota ne, na hanyar Legas. Nasa irin na mutanen nan ne masu haɗiye rabin kalma su bar maka rabi. A haka muka yi shekaru muna gardama. Shi yana ce mini Burada, wato ɗan'uwa, ni ina ce masa Suruki. Ya tambaye ni ma'anarta, na ce mutumin da ake jin kunyarsa. Ya ce, "To yaushe za ka fara?"

A saman ƙofar shagonsa akwai allo, an rubuta sunan gidansu da jan fenti: Bowen. Abokansa da suka musulunta tare, da yawa sun yar da sunayen gidajensu sun ɗauki na Larabawa. Shi ya canza na farko kawai, ya ɗauki sunan wani annabi, na gidan kuwa ya ce ba ya taɓuwa. Duk wanda ya hau kujerarsa sai ya ji dalili. Kuma yana da wayo, ba ya farawa sai ya lafta maka kumfa a haɓa ya ɗora aska, lokacin da ba ka da bakin musu.

Ga yadda yake faɗa. Wai akwai wata ƙasa ana ce mata Wales, a jingine da Ingila, ƙasar duwatsu da tumaki da ruwan sama, suna da harshensu daban da Turanci. Mutanen can a da ba su san sunan gida ba. Da uba ake kiran mutum, wane ɗan wane ɗan wane, har inda numfashi ya kai. Bowen ɗin nan ma asalinsa ɗan Owen ake nufi. In ɗan Owen ya haifi nasa, sai sunan ya matsa gaba, Owen ya koma baya cikin kakanni. Suna cikin haka Ingilishi suka shigo da kotunansu da takardun gona, suka ce su ba za su iya bin wannan jerin ba, kowane gida ya tsaya a kan suna ɗaya. Sai kowa ya daskare a inda abin ya same shi. Waɗanda ya tarar a kan Owen suka zama 'ya'yan Owen har abada, ko da ubansu wani ne daban.

Ranar da na fara jin wannan ban san lokacin da na ture askar ba. Na ce, "Ashe Hausawa ne! Mu ma haka muke yi. Kuma abin da Ingilishi suka yi musu shi ne Amurka ta yi wa ɗana, ta kama sunan ubana ta manna masa, ta ce shi da jikokinsa ba mai motsawa."

Alhajin Damagaram yana kan benci yana jiran layin da ba shi da abin yi da shi. Ya ce, "Duwatsu da tumaki? Malam, waɗannan Buzaye ne."

Wannan rabin labarin shi ne mai daɗi. Ɗaya rabin yakan rage murya kafin ya shiga. Wani manomi daga cikin 'ya'yan Owen ɗin ya hau jirgin ruwa ya ƙetaro, zuriyarsa suka gangaro jihar nan ta Carolina, suka sami ƙasa, suka sayi mutane. Cikin mutanen da aka saya akwai kakannin surukina. Da bauta ta ƙare, kowa yana iya zaɓar sunan da ya ga dama. Kakan ubansa ya riƙe na masu gonar. Ba don yana ƙaunarsu ba. Yana da ƙanwa da aka sayar can kudu tun tana ƙarama, ya ce in Allah ya sa tana raye ta taso neman danginta, da wannan sunan za ta riƙa tambaya a hanya. In ya canza, wa za ta ce tana nema?

Na ce, "Ta zo?"

Ya ce, "Ba ta zo ba. Amma ba mu sauke allon ba."

Allon ne ya jawo tsohuwar Baturiyar nan. Shekaru da yawa da suka wuce tana wucewa a mota ta ga sunan gidansu a kan shagon baƙin mutum, ta tsaya ta shiga. Jikar masu gonar ce, gonar kuma tana nan kusa da mu a Summerfield, an mai da ita wurin kiwon dawaki. Ita ta ba shi labarin Wales yadda kakanta ya ba ta, shi kuma ya ba ta wanda kakan nata bai ba ta ba. Ya ce mini sun daɗe ba sa ga maciji kafin su zama abin da suka zama.

Mu muka ci ribar wannan. Duk wanda ya zauna a garin nan a waɗancan shekarun ya san wahalar layya. Ka sayi rago, ina za ka yanka? A bayan gidan haya maƙwabta su kira 'yan sanda? Wani bawan Allah daga Tawa har bahon wanka ya taɓa gwadawa, matarsa ba ta yafe masa ba har yau. Suruki ne ya ɗauki waya ya kira tsohuwar. Daga wannan shekarar duk Babbar Salla motocinmu a jere suke tafiya Summerfield, mu yanka, mu feɗe, mata su hura wuta, ita tana zaune a kujera tana cin tsire tana hawaye saboda yaji. Ban taɓa jin ya gaya wa kowa cewa shi ya buɗe mana wannan ƙofar ba. In an gode masa sai ya ce, "Kakannina sun noma wurin nan ba lada, ku ci."

Da cikin 'yarsa ya tsufa likitoci suka ce namiji ne, don mutanen nan ba sa barin mutum ya jira ikon Allah. Ni na riga na gama shirina, sunan mahaifina za a sa, jikan fari ne ta wurin ɗa namiji, ba mai ja da ni. Sai wata rana ina kan kujera, kumfa har kunne, aska a maƙogwaro, na ji ya ce:

"Burada, ni ba ni da ɗa namiji."

Na ce, "Uhm."

"'Yata ta shiga gidanku, ta ɗauki sunanku. Ranar da na mutu za a sauke allon nan."

Na ce, "Uhm."

"Ina so yaron nan ya ɗauka."

Jama'a, ku yi mini adalci. Wa zai ce a'a a wannan halin? Amma wallahi ko babu askar da na yarda, don na ga fuskarsa a madubi. Na ce a raina mahaifina yana da takwarori a Ringim sun fi a ƙirga, wannan kuwa ba shi da kowa sai jaririn da bai fito ba.

Ranar suna na ja limaminmu gefe na raɗa masa. Yaro ne mai ilimi da ladabi. Sunan annabin da Suruki ya ɗauka bai ba shi wahala ba, da na ƙara na biyun sai ya ɗago kai.

"Baba, wannan Bowen ɗin cikin sahabbai yake ko cikin tabi'ai?"

Na ce, "Cikin wanzamai yake."

Ya tambayi ma'ana na gaya masa, ya ce babu saɓo a ciki, sharaɗi dai a jingina yaro ga ubansa. Na ce sunanmu yana nan a ƙarshe, Amurka ma ba za ta bari ya faɗi ba. Aka yi addu'a, aka faɗi suna da ƙarfi, falo ya amsa. Suruki da kansa ya yi wa jaririn askin suna.

Ku da kuke karantawa kun riga kun san abin da ya biyo baya. An yi wa babba takwara, wa zai kama sunan? Kafin la'asar yaro ya zama Abba. Ɗana, da ko haɗa ido da surukinsa ba ya iyawa, Abba. Hajiya, in ba Abba ba, Angona. Ita ma uwar yaron, da yake yarinya ce mai son ta faranta wa uwar mijinta, ta bi sahu. Mu a wurinmu mun gama karrama mutumin, mun ɗora shi a inda ba a ɗora kowa. Muna ta jin daɗin kanmu.

Sai Suruki ya fara janyewa. Da, duk Juma'a daga masallaci gidanmu yake wucewa cin tuwo. Ya koma yau yana da mutane a shago, gobe ƙafarsa na ciwo. In ya zo ya ɗauki yaron ya yi ta kallonsa, ya ajiye ya tafi. Hajiya ta ce yaji ne ya yi masa yawa, ta rage, har miya ta koma kamar ta asibiti, muka shiga uku a banza. Alhajin Damagaram ya ce kaɗaici ne, a nemo masa bazawara, wai yana da wata a Zinder. 'Yarsa ta ɗauka ya san al'adar, shi kuma ba mutum ne mai kai ƙara ba. A shago ya daina ba da labarin Wales, sai ya kunna rediyo. Ranar da ya gama mini aski tsaf bai zagi kaina ba, na san akwai magana, amma ban san wace ce ba.

Har yaro ya fara tafiya muna haka. Sai ranar wata Babbar Salla a gonar tsohuwar, an gama yanka ana fiɗa, ya taɓa kafaɗata ya ce in biyo shi. Muka bi ta bayan shingen dawaki muka hau wani ɗan tudu. Akwai maƙabarta a nan, an kewaye ta da ƙarfe, duwatsu farare a tsaye, kowanne an sassaƙa masa sunan nan da ke kan allon shago. Bai tsaya ba. Ya wuce cikin itatuwa, inda ganye ya rufe ƙasa, ya sa ƙafa ya share. Sai ga duwatsu ƙanana, irin waɗanda ake tsinta a gona, a jere, babu ko ɗigon rubutu.

Ya ce, "Waɗancan nasu ne. Waɗannan nawa ne. Ka san sunan wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Ba wanda ya sani. An daina faɗa, shi ke nan." Ya juyo ya dube ni. "Burada, in kunyar sunan kuke ji, me ya sa ka karɓa? Da ka ce mini sunan bayi ne ba ya shiga gidanku, da na ji haushi na huce. Amma ku karɓa a gaban liman, ku kai shi ɗaki ku rufe? Har 'yata kun koya mata."

Na tsaya baki buɗe, hannuna duk jinin rago. Da na gane inda ya dosa sai na nemi kututture na zauna.

Na ce, "Suruki, zauna. Kunya muke ji, gaskiya ne, amma ba irin wadda kake nufi ba. Ka taɓa jin Hajiya ta kira sunana?"

Ya yi tunani. Ya ce, "Malam take cewa."

"Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa faɗa ba. Kuma ba don ta raina ni ba, ko da yake wani lokacin tana yi. Ni ban taɓa kama sunan ubana a gabansa ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan yayana ba, don shi ne ɗan fari. Mu sunan da ya fi nauyi shi muke rufewa. Na banza shi ake jifa da shi a tsakar gida. Abban nan da kake ji, ai uba ake nufi. Duk wanda ya ce wa yaron nan Abba, kai ya rusuna wa."

Ya daɗe yana kallon duwatsun. Na ɗauka an gama, har na fara jin daɗin iya bayanina da Turancin tasha.

Sai ya ce, "Na ji. Na gode. Na yi muku mummunan zato, Allah ya yafe mini." Ya numfasa. "Amma yaron ta ina zai ji?"

Na ce ai yana cikin takardunsa.

Ya ce, "Takarda ba baki ba ce. Dutse ma ba baki ba ne, ni in na mutu ku sa ni a rami kamar kowane Musulmi, ba na neman sassaƙa. Mutanen da suka fara sunan nan da baki suke riƙe kakanninsu, kai ka ce irinku ne. Ku kuna da gari, kowa ya san ɗan wane ne ko ba a faɗa ba. Mu nan abin da aka daina faɗa ya tafi. Ga su nan a ƙarƙashin ƙafarka."

Ina da gardama, duk garin nan an shaida, amma ranar ta ƙare mini. Ya fi ni gaskiya a ƙasarsa, na fi shi gaskiya a tawa, yaron kuma a tasa aka haife shi.

Muna saukowa daga tudun dabara ta zo mini. Na ce, "Tsaya. Akwai mutum ɗaya a gidan Bahaushe da ba a yi wa bakinsa linzami a kan yaro. Kaka. Kaka yana iya ce wa jikansa ɓarawo, mummuna, mai ƙwace mata, ba mai cewa don me. Ɗana ba zai iya ba, ko ka ɗora masa bindiga. Hajiya ba za ta iya ba. Amma ni sa'anka ne, kuma dama ka ce ba na jin kunyarka."

Ya ce, "To mu gani."

Juma'ar da ta biyo ya zo cin tuwo. Muna zaune, yaro ya rarrafo ya miƙe ya nufi kwanon miya da hannu biyu. Na gyara murya na daka masa tsawa.

"Kai, Bowen! Bar nan, ɓarawon nama!"

Daga kicin muka ji ludayi ya faɗi. Hajiya ta leƙo tana salati.

"Malam! A gaban mai sunan? A gaban 'yarsa? Tsufan naka ya kai nan?"

Na ce, "Shi ya roƙa."

Ɗana ya tashi ya fice kamar an kira shi a waje. Uwar yaron ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Suruki kuwa ya ci gaba da cin tuwonsa, ya ce a gaya wa Hajiya ta mai da yajinta yadda yake, wannan miyar ta marasa lafiya ce.

Daga ranar gida ya rabu biyu cikin lumana. Kowa Abba, ni kaɗai Bowen. Labarin Wales ya dawo shago, rediyo ya huta. Da yaron ya yi baki, duk Juma'a sai kakan nasa ya ɗora shi a cinya ya ce, "Kai wane ne?" Yaro ya jero da rabin Hausa rabin Turanci, ya faro daga kansa, ya bi ta uwarsa, ya hau kan wanzami, da uban wanzami, har kan wanda ya ƙi canza suna don ƙanwarsa. In ya gama ni kuma in karɓe shi in ce saura na Ringim, kada a cuce mu. Alhajin Damagaram ya ce yaron nan in ya girma maroƙi zai zama.

Ganina da Suruki na ƙarshe a asibiti ne, da yamma, an sa masa robar iska a hanci. Na zauna na yi masa sannu. Ya dubi kaina ya girgiza nasa.

Ya ce, "Gashi ya taru."

Na ce, "Kai nake jira."

Ya ce, "Kada ka kai wa yaran nan masu inji, za su ƙarasa lalata shi."

Bai bar mini wasiyya ba, bai sa ni alkawari ba. Kalmar shahada yake ta maimaitawa har na fito.

To, da ya rasu sai harshena ya yi nauyi. Ba shawara na yi ba, haka kawai abin ya zo. Mutum yana kwance a ƙasa ko bushewa ba ta yi ba, 'yarsa tana ɗaki ido ya kumbura, ta yaya zan buɗe baki in jefa sunansa a tsakar gida? Marigayi ake cewa. Na koma cewa Abba kamar kowa, ban ma lura ba.

Ranar sadakar uku, falo cike, an gama addu'a ana raba waina, yaron ya ratso ta tsakiyar mutane zai wuce wurin uwarsa. Shekararsa biyar yanzu. Na ce, "Abba, zo ka gai da Alhaji." Bai juyo ba. Na ƙara ɗaga murya, "Abba!" Ya tsaya a bakin labulen da ya raba mu da mata, ya juyo, ya yi magana da Turanci, irin wanda ko ni ban buƙaci tafinta ba.

"Kaka, kai ba haka kake ce mini ba. An binne sunan da shi ne?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Na dubi labulen, na san 'yar marigayin tana bayansa, tana ji.

Sai muryar Hajiya ta fito daga bayan labule, a hankali, ita da ta fi kowa yi mini faɗa a kan wannan.

"Malam, ni dai bakina ba zai iya ba. Amma kai faɗi. Faɗi da ƙarfi, yarinyar nan tana so ta ji."

Na share fuska da hannun riga. Na ce, "Kai, Bowen! Zo nan, mummuna, mai kan kabewa irin na kakansa na Ringim!"

Ya sheƙo da gudu ya faɗa jikina. A bayan labule na ji kuka ya ɓarke, na ji dariya a cikinsa, ban iya rabe na 'yarsa da na tsohuwar Summerfield ba.

Ya Allah, bawanKa ne, ya zo maKa daga nesa, ta hanyar da ba shi ya zaɓa ba, ya riƙe abin da aka bar masa bai yar ba. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka saka masa da alherin da ya yi mana muna baƙi a ƙasarsa. Ka haɗa shi da mutanensa, Kai da Ka san sunan kowannensu. Mu kuma da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen, Ka bar mini wannan bakin nawa mara kunya har yaron ya yi girman da zai riƙa faɗa da kansa.